Abin da Yaya Ta Auna da Tef Ɗin Tela

Zuwa ga 'yata Nas,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, aikin asibiti kuma bai cinye ki ba. Mu nan ƙalau muke. Gwiwata ce dai take ta gardama da matakalar bene, in zan hau ta ƙi, in zan sauka ta ƙi. Autarki ta yi tari ya wuce, haƙorinta na gaba ya fita, yanzu ko ruwa za ta sha sai an ji fito. Yayarta kuwa ta ƙara tsayi har ta kamo kunnena. An ce kin kira ran nan kin yi ta ihu a waya, ni ban ji komai ba. Tun ranar da kika kawo mini yaran nan biyu na gaya miki kunnena ya riga ni yin ritaya, mai magana da ni ya rubuta ya ba direban mota.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jarrabawar Turanci ta su Yaya ta matso, kuma kin san wadda ta tsufa tana koyar da shi ba ta iya zama ta ga yaro yana tuntuɓe. Wajen kwatanta yawan abu take faɗuwa. Mu da Hausa ba ruwanmu, ko ruwa ne ko cokula sai mu ce wannan bai kai wancan ba, shi ke nan. Bature kuwa sai da ya raba. Abin da ake ƙirgawa ya ba shi fewer, abin da sai dai a auna ya ba shi less, kuma nan yara ke zubewa kowace shekara. Ni ban taɓa koyar da darasin nan daga littafi ba. Cewa nake yi yaro ya zaga gida, ya ƙirga na ƙirgawa, ya auna na aunawa, ya kawo mini jimloli a kan abin da ya gani da idonsa.

Haka na sa Yaya. Ta ƙirga cokula da wuƙaƙe, ta leƙa bokitin kicin da na banɗaki, har tef ta aro wajen telan da ke ƙasan benenmu ta auna labule. Da la'asar ta kawo takardarta, ina bi da jan biro ina buga maki, har na zo jimla biyu na ƙarshe. Ta farko cewa ta yi: kalmomin da Mama ke rubuta mini ba su kai waɗanda take rubuta wa Auta yawa ba. Ta biyu ta ce: wurin da nake ci a takardar Mama bai kai na Auta ba. Kowace ta sa mata kalmar da ta dace, ko ɗigo babu kuskure. Wallahi sai da na buga makin na gama sannan na ji abin da yarinyar ta ce.

Ashe gwangwanin da nake ajiye wasiƙunki ta juye a tsakar falo. Kin san yadda kike yi, in kin gama da ni sai ki ware wa kowace sashenta a ƙasa. To ta jera su, ta ƙirga, ta kuma bi su da tef. Na Auta wani ya kai tsawon tafin hannu. Nata yatsa uku ya rufe shi.

Ban gaya miki don ki damu ba, so nake ki ji irin kan 'yarki. Sai dai in kin zo rubutu na gaba ki ɗan ja mata layi, tun da yanzu akwai mai awo a gidan. Maganar ɗakin da kika samu, wanda kika ce in an yi hutu za su dawo wurinki gaba ɗaya, na gaya musu. Auta har ta fara ɗaure 'yan tsummokaranta.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi da tarin Auta ya wuce. Gwiwarki kuma ki daina yi mata taurin kai, na ba direba man shafawa, safe da yamma za ki riƙa sawa. Ni lafiya lau, ban da ciwon baya na tsayuwa.

Gwaggo, na karanta wasiƙarki a ɗakin canza kaya, na maimaita layin nan na ƙarshe har takardar ta yi laushi a hannuna. Akwai mai awo a gidan. Na gane. Ana so a ce na zubar da 'ya'yana na tafi, ko rubutu na adalci ban iya yi musu ba. In haka ne ai gara a faɗa mini kai tsaye, ba sai an bi ta darasin Turanci ba.

Auta ba ta iya karatu ba tukuna. Abin da nake rubuta mata labarin kyanwar asibitinmu ne da shirme irin na yara, don a karanta mata ta yi dariya ta tuna tana da uwa. Yaya kuwa babba ce. Tun rasuwar babansu ita ce hannuna na dama, ban taɓa faɗa mata magana sau biyu ba. Wanda ka yarda da shi ai ba ka cika shi da surutu. Wannan ne ya zama laifi?

Na san ba ciki ɗaya kuka fito da babana ba, kaka kawai kuka haɗa, kuma ba wanda ya ɗora miki riƙon yaran nan dole. Ba ranar da ba na tuna wannan. Amma don Allah a koya mata Turancinta a bar ni daga ciki. Akwai cokula a duniya, akwai bokitai, ba sai an ɗora ni a sikeli ba.

Ga shafi guda cike na rubuta mata ita kaɗai, gaba da baya. Ta auna ta gani. Akwai takalma biyu a cikin ledar, baƙin nata ne, jan na Auta.

'Yarki.

*

Zuwa ga 'yata Nas,

Assalamu alaikum. Kin ji ni shiru, direba ya zo ya koma hannu rabbana har ya fara tambaya ko na rasu ne. Ban rasu ba, fushi na yi. Layin nan naki na kaka kawai muka haɗa ya zauna mini a wuya kamar ƙayar kifi. Na ɗauka gaya mini kike ni bare ce, in tsaya matsayina. Sai jiya na sake ɗauko takardar da tabarau mai kyau, na ga ashe godiya kike yi a cikin faɗa. Ni ma wancan layin nawa tsokana ce kawai, ke kika karanta shi da gajiya. Mun yi kunnen doki, a bar shi a nan. Man shafawa ya yi aiki, yara suna lafiya.

Yanzu ki zauna, don maganar ba ta da daɗi, kuma rabin laifin nawa ne.

Shafinki ya iso, na miƙa wa Yaya ina murna. Ta karanta gaba da baya, ta ɗauki fensir, na ga tana ɗiga wani abu a gefen kowane layi. Na ce, "Me kuma ake ƙirgawa?" Ta ce, "Gwaggo, ina ware waɗanda aka sa ni aiki ne da waɗanda aka tambaye ni." Ta miƙo mini. Ki wanke wa Auta yunifom tun ranar Asabar. Ki kula da gas. Ki taya Gwaggo hawa bene. Ki yi haƙuri da ƙanwarki. Haka har ƙasa. Tambaya ɗaya ce a ciki, ita ma cewa kika yi ko Auta tana cin abinci sosai. Yarinyar ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, "Ya fi na da tsawo kam." Ta ninke ta saka a gwangwani.

Ga nawa laifin. Ranar da ta fara kawo jimlolin nan, da na je mayar wa tela tef ɗinsa sai na tsaya ina ba shi labari, ina karanta masa ina fassarawa, muna ta dariya wai yarinya ta kai ƙarar uwarta da Turanci mai kyau. Kin san mai nauyin kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Da na juyo, tana tsaye a matakala da bokiti a hannu. Abin da ya fi damunta a duniya ta kawo mini, na buga masa maki, na kuma kai shi shagon tela. Duk tsawon aikina ina duba kuskure a rubutun yara, ban ankara ba ashe na daina jin abin da suke faɗa.

Na kuma saurari bakina yini guda. Yaya kawo, Yaya ɗauke, Yaya ina Auta. Ashe ni da ke malaminmu ɗaya.

Shekaranjiya na ce su fara haɗa kaya, hutu ya kusa. Ta ce, "A kai Auta, ita ake kewa. Ni in na je aiki zan je yi, aikin kuwa akwai shi a nan." Na yi lallashi, na yi faɗa, ko gezau. Kin san ta, in ta faɗi magana a hankali to ta gama yanke ta. Ba zan ɗaure ta in jefa a mota ba.

Takalmin Auta ya zauna mata cif. Na Yaya ko yatsunta bai ɗauka ba. A ƙarƙashin gado na gan shi cikin ledarsa.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ki yafe mini maganar kaka, bakina ne ya riga hankalina. Ina lafiya, in dai wanda abinci ya daina yi masa ɗanɗano yana lafiya.

Ranar da wasiƙarki ta zo, da aka tashe mu hutun rana na ƙi zuwa kantin cin abinci, na zauna a bencin bayan ɗakin magani da farar takarda a cinya. Na ce yau zan rubuta wa 'yata abin da babu aike a ciki. Na fara, sai na ga na rubuta ki tabbata. Na soke. Na sake, sai ga ki riƙa. Na soke. Har aka kira ni, takardar ba komai sai zane-zane kamar kaza ta yi tono.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne awo sana'ata ce. Akwai wani dattijo a gadon bakin taga, na san ruwan da ya sha tun safe da wanda ya fitar, na san wane gefe yake iya kwanciya, na san jikarsa da ta fi ba shi dariya. In ya rage cin abinci ko da cokali biyu ne ni ke fara ganewa. Amma ban san sunan ƙawar 'yata ba. Ban san wane darasi take so ba. A shagon takalma na tsaya na kwatanta ƙafar Auta da hannuna ba tare da tunani ba, da aka zo tata sai na faɗi lambar da na sani tun kafin in taho, kamar an ce mata ta tsaya ta jira ni kada ta girma.

Na ce miki na yarda da ita ne shi ya sa ba na cika ta da surutu. Ƙarya na yi wa kaina, Gwaggo. Ba ta taɓa ba ni wahala ba, ni kuma na kwashe hankalina kaf na kai inda ake kuka. Ranar da aka fita da babansu ita ta goya Auta, ita ta nemo mini mayafina, kowa yana cewa kai wannan yarinya da hankali take. Ban tuna wanda ya rungume ta ranar ba. Na dai san ba ni ba ce.

Na share ɗakin nan, na sa katifa biyu, na buga ƙusa a bango inda za ta rataye jakarta. In ba ta zo ba ban san yadda zan riƙa kallon ƙusar nan ba.

Don Allah ki taimake ni. Ki rubuto mini a ɓoye: wace ce ƙawarta, me take so, me take karantawa, wane launi ya fi burge ta, da lambar takalminta. In na samu sai in rubuta mata wasiƙar da za ta ga na san ta. Kada ki bari ta ga wannan.

'Yarki.

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Wannan gajeriya ce, direba yana ƙasa yana ta danna mini oda.

A'a. Tun da na fara riƙe alli ban taɓa ba ɗalibi satar amsa ba, ba kuma zan fara da ke ba. Yarinyar da ta bi wasiƙunki da tef, kina jin ba za ta gane hannuna a cikin taki ba? Ranar da ta gane, ni da ke mun ƙone gaba ɗaya, ba ta da sauran wanda za ta yarda da shi.

Kuma in gaya miki abin kunya, rabin tambayoyinki ni ma ban san amsarsu ba, ga shi ɗaki ɗaya muke kwana. Na san tana rikita less da fewer, ban san launin da take so ba.

Mai amsar tana nan da ranta, ta kuma iya karatu. Ki tambaye ta. In ba ki da abin faɗa, ki faɗa mata hakan.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na ji, kuma na ji zafi, amma gaskiyarki ce. Ina fatan gwiwa ta ci gaba da sauƙi. Ki sumbaci Auta, ki ce mata kyanwar asibiti ta haihu, labarin sai mun haɗu.

Ga 'yar takarda a ciki, ban liƙe ta ba, ki karanta kafin ki ba ta. Sunan da za ki gani a sama babanta ne ya sa mata, saboda tana jaririya in ta ƙoshi sai ta yi ta wani gurnani a ƙirjinsa. Da aka haifi Auta aka fara ce mata Yaya don ƙaramar ta koya, shi ke nan ya bi ta. Na yi ta tunani, na kasa tuna ranar da na daina kiranta da nata.

Ga abin da na rubuta:

Kurciya,
Na ga awonki, kuma daidai ne. Ban san sunan ƙawarki ba. Ban san abin da ke ba ki dariya yanzu ba, ko abin da ke sa ki kuka. Ko girman ƙafarki ban sani ba. Ba laifinki ba ne, nawa ne, kuma ina jin kunya. Ina so in sani, in kin yarda ki gaya mini. Babu aiken komai a wannan takarda.
Mamanki.

Na san ba ta kai yatsa huɗu ba, Gwaggo. Iyakar abin da nake da shi ke nan wanda ba ƙarya.

'Yarki.

*

Zuwa ga 'yata Nas,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. An yi jarrabawa an gama, kuma sashen kwatanta yawa Kurciya ta cinye shi duka. Kin ga na ce Kurciya. Bakina yana ta tuntuɓe a kai, amma ina koyo. Da can irin wannan sakamako har maƙwabta sai sun ji, wannan karon sannu da ƙoƙari kawai na ce mata, don na san da me ta biya darasin.

Na ba ta takardarki a kicin tana yanka albasa. Ta goge hannu ta karanta a tsaye. Daga nan ta shiga banɗaki ta buɗe famfo, ta daɗe. Ko ni mai mataccen kunne na san ba wanka take ba. Na hana Auta buga ƙofa, na ƙarasa yankan albasar da kaina, abin da rabona da yi tun zuwansu gidan nan.

Ba ta aro tef ba. Ba ta kuma sa takardar a gwangwani ba, ban san inda ta kai ta ba, ban kuwa bincika ba.

Kwana biyu suka wuce. Ina ta satar kallonta ko zan ga ta ɗauki biro, shiru. Sai yau da safe tana shafa mini man gwiwa ta ce, "Gwaggo, ki rubuta mata ba zan amsa a takarda ba." Na ce, "Wato ba za ki je ba ke nan?" Ta ce, "Zan je. Amma ni kaɗai, makon farko. Auta ta biyo baya." Na ce, "Ke kuwa me ya sa? Ƙanwarki za ta tayar mana da bene da kuka." Ta ci gaba da shafawa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "So nake in ji abin da za ta ce mini in babu Auta a ɗakin."

Na ce to.

Auta ta yi kukan, har tela ya hau tambaya ko wani abu ya faru. Wannan ki bar mini, ni na jawo, ni zan goya. Za mu zauna mako guda ni da ita, ta koyi neman takalminta da kanta, ni ma in koyi miƙewa in ɗauko abina.

Ke kuma ki nemi hutu a wurin aiki, ko da za ki yi wa shugabarku kuka. Kada ki bar ta ita da ƙusa a ɗaki. Kada ki ba ta tsintsiya, ko ta miƙa hannu da kanta, don za ta miƙa, hannun ya saba. In shiru ya yi muku yawa ki daure, kada ki cike shi da tambayar yadda ta baro Auta. Wannan ba satar amsa ba ce, gargaɗin wadda ta riga ki faɗuwa ne.

Motar safe za ta hau ranar Asabar, direba ya san da ita. Takalmin makarantarta ya mutu, wanda kika aiko kuma kin san labarinsa. Na so in saya mata wani, sai na fasa. Ke ma kada ki saya tukuna. Da silifas ɗina za ta sauko daga mota, sai ki durƙusa ki duba ƙafar da idonki.

Gwaggonki.